Ƙuri'a a Gidan Likita: Yadda Madarumfa Ta Zama Filin Binciken Duniya

Wanda ya san Madarumfa da tabkinta da masuntanta da kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara a gewayen ruwan, zai yi mamaki in aka ce masa sunan garin ya fi na manyan birane da yawa yawo a mujallun likitocin duniya. Amma haka abin yake. Tsakanin 2011 da 2017 an gudanar da manyan bincike aƙalla huɗu a wannan gunduma da ke kudu da Maradi, dab da iyakar Najeriya: na hana tamowa, na maganin amoksisilin, na rigakafin gudawar jarirai, da na sanƙarau. Biyu sun fito a New England Journal of Medicine ta Amurka, wadda likita kan yi shekaru yana fatan ganin sunansa a cikinta, biyu kuma a PLOS Medicine. Dubban yaran ƙauyukan gundumar ne aka auna, aka ba wasu magani, aka ba wasu abin da ya yi kama da magani. Da Hausa aka nemi yardar iyayensu, amma da wuya ka ji an ba da labarin da Hausa.

Ba a gane dalilin da ya sa aikin Madarumfa ya zo da tarin takardu da kwamitoci sai an fara leƙa Kano.

A farkon 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Najeriya, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa sai kamfanin Pfizer ya turo tawaga asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano da sabon magani mai suna Trovan, wanda bai samu lasisi ba tukuna. Suka ɗebi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar seftiriyazon, sanannen magani, sai dai an rage yawanta ƙasa da yadda aka saba; kamfanin ya ce don rage raɗaɗin allura ne. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, waɗanda sanƙarau kansa yana jawowa. A harabar asibitin nan ɗin ƙungiyar likitoci ta MSF tana yi wa yara magani da kuloramfenikol, ba gwaji ba komai. Iyaye da dama daga baya suka ce ba wanda ya gaya musu akwai ƙofa biyu, balle su zaɓa. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara kayanta ta tafi, annobar kuwa tana nan.

Sai a Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar. Aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, mai ɗauke da sunan asibitin koyarwa na Aminu Kano, bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watanta baya. Kwamitin da gwamnatin Najeriya ta kafa a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya kammala rahotonsa a 2001, rahoton ya yi kwanciyar magirbi a aljihun tebur har 2006. Pfizer ya tsaya kan cewa ya nemi izinin iyaye da baki kuma maganinsa ya ceci rayuka. A 2009 ya sasanta da jihar Kano kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowane. Trovan ɗin ma tun 1999 aka taƙaita shi a Amurka, aka dakatar da shi a Turai, saboda yana lalata hanta.

Dokoki kuwa suna nan tun kafin a haifi iyayen yaran. Ƙa'idar Nuramba ta 1947, wadda ta biyo bayan shari'ar likitocin Nazi, da yardar mutum ta fara. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙara bayani. Abin da Kano ta rasa a 1996 shi ne mai tsayawa a bakin ƙofa ya ce a nuna masa takarda. Kuɗin wannan sakaci kuma talaka ne ya biya shi sau biyu, domin lokacin da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa, cutar kuma ta tsallaka iyaka ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Tsakanin Kano da Madarumfa ba a yin wuni a mota. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, rediyo ɗaya. Duk wanda ya zo da farar riga da littafin rubutu bayan wannan, ya tarar labarin ya riga shi isowa.

Abin da ya kawo masu bincike Madarumfa yunwa ce. Daminar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara, kafin daminar 2005 ta kankama kuɗin tiyar hatsi ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya ɗaure wa baƙi kai shi ne inda tamowa ta fi tsanani: ba can arewa wajen hamada ba, a nan kudancin Maradi, rumbun ƙasar, inda kasuwanni ke cike da buhuna. Mutanen wurin ba su yi mamaki ba. Sun san gonaki sun tsuke saboda yawan jama'a, sun san manomi kan sayar da hatsinsa da kaka a arha ya saye shi da damina da tsada, sun san inda manyan motoci ke nufa da shi. A shekarar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi. Ba a taɓa yin irin wannan yawa ba, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne wani ƙullin tunkuzar gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai, Plumpy'nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996. Ba ya son ruwa, ba ya son wuta, ba ya lalacewa da wuri. Maimakon a kwantar da kowane yaro a asibiti, sai a ba uwa rabon mako ta koma gida, ta dawo awo.

Masu binciken zaman jama'a su ma sun shigo, kuma abin da suka gani ya bambanta da abin da ma'auni ke nunawa. Mariatou Koné ta rubuta wa cibiyar LASDEL ta Yamai rahoto a 2006 kan yunwar Madarumfa da tamowar yara. Hanyar irin wannan bincike ita ce zama: a tsakar gida, a bakin rijiya, a layin awo, ana sauraro ana tambaya har mutane su manta da littafin da ke hannunka. Irin wannan zama ne ya bayyana cewa tsarin agajin ya haifar da wani abu da ba a nufa ba. Tun da gidan da ke da yaro mai tamowa ne ke samun ƙarin abinci, uwar da zaren awo ya nuna ja a damtsen ɗanta ita ce ke komawa da kaya a ka, wadda ɗanta ya tsallake kuwa ta koma hannu rabbana, alhali rumbunsu ɗaya ne a wofi. Wannan darasi ya dace a riƙe shi, don zai sake tasowa a kowane gwaji: a inda babu, duk abin da aka raba, ko da sunan bincike ne, rabo ne.

Gwamnati ba ta ji daɗin yadda hotunan yaran Maradi suka cika talabijin ɗin duniya ba. Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa ana yunwa a ƙasarsa, dangantaka ta yi ta tsami, har a Yulin 2008 aka dakatar da MSF ta Faransa daga aiki a Maradi, ta kwashe bayan 'yan watanni. Aikin tamowa a Madarumfa ya koma hannun FORSANI, ƙungiyar likitocin Nijar, tare da ma'aikatar lafiya. Epicentre, reshen bincike da MSF ta kafa tun shekarun 1980, ta buɗe cibiya a Maradi a 2009. Daga nan gundumar ta zama wurin da ke da abu uku da mai bincike ke nema: cuta mai yawa, ma'aikatan da suka iya rubuta lissafi daidai, da iyaye mata da suka saba zuwa awo ranar da aka ce.

Kafin korar an riga an yi gwajin farko. A 2006 Sheila Isanaka da abokan aikinta suka ɗauki ƙauyuka 12 a jihar Maradi, yara kimanin 3,500. Aka yi ƙuri'a. Ƙauyuka shida aka riƙa ba yaransu da ba su rame ba tukuna ƙulli ɗaya kullum har wata uku, shida ba a ba su ba, sai dai ana auna su, wanda ya faɗa tamowa a kai shi jinya. Sakamakon da ya fito a mujallar JAMA a 2009 ya nuna tamowa mai tsanani ta ragu da fiye da rabi a ƙauyukan da aka raba wa.

Me ya sa sai da ƙuri'a? Domin in aka bar wa likita zaɓi, zuciyarsa za ta shiga. Ko ya ba wanda ya fi ba shi tausayi sabon maganin, ko ya ba wanda ya ga alamar zai tashi, ko ƙauyen da ke bakin hanya, ko na maigarin da ya fi iya tarbar baƙi. In an gama ba wanda zai iya cewa maganin ne ya yi aiki ko zaɓin. Tun gwajin maganin tarin fuka na 1948 a Ingila likitoci suka karɓi wannan hanya. Bahaushe bai rasa saninta ba: in an yanka sa na watanda an kasa nama, ai yaron da bai san tsinken kowa ba ake kira ya ɗora, don kada a ce an yi son kai. Bambancin shi ne a watanda kowa na komawa gida da nama. A gwaji kuwa dole wani kaso ya zama babu komai a cikinsa, in ba haka ba babu abin gwadawa. Duk nauyin ɗa'ar bincike a wannan kason yake. Ana halatta shi ne kawai in da gaske ba a san wanne ya fi ba, in kuma ba a hana kowa abin da da ma haƙƙinsa ne ba.

A 2011 aka yi na biyu, wannan karon a cikin gundumar Madarumfa kanta: ƙauyuka 48, yara fiye da 5,000 'yan wata 6 zuwa 23, daga Agusta zuwa Disamba. Tambayar ita ce wadda ƙungiyoyin agaji ke ta gardama a kai, a ba da abinci ko a ba da kuɗi? Aka kasa ƙauyukan gida bakwai. Wasu abincin yara zalla, wasu abincin yara da kuɗi kimanin jika 25 a wata, wasu kuɗi zalla kimanin jika 28. Ba a bar kowa hannu wofi ba, kuma ƙauyukan da ke maƙwabtaka an haɗa su a kaso ɗaya. Masanin lissafi zai ce wannan ya rage wa binciken ƙarfi, gaskiya ne kuma. Amma wanda ya san abin da zai faru ranar kasuwa in matan wannan ƙauye suka ji na gaba da su na karɓar jika 25 su kuwa sai garin kunu, zai yi wa masu binciken uzuri. Amsar da Céline Langendorf da abokanta suka buga a 2014 ita ce haɗa biyun ya fi kowane shi kaɗai. Kuɗi zalla gida ne ke cinye shi, ga bashi ga uban gida ga sauran yara. Abinci zalla kuma ana rabawa da yayye. In an haɗa, kuɗin ya tsare wa jaririn abincinsa.

Gwajin da ya fi kowane sa mutum tunani shi ne na amoksisilin. Shekara da shekaru Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa duk yaron da tamowa ta yi wa tsanani a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko yana zazzaɓi ko ba ya yi, don jikinsa ya yi raunin da ba ya ma iya nuna alama. Shawarar ta samo asali ne daga zamanin da ake kwantar da irin waɗannan yara a asibiti, mafi yawansu rai a hannun Allah. Yanzu da ake jinyar dubbai a gida, masu cin abinci da kansu, shin har yanzu kowa na bukata? Ba tambayar banza ba ce. Magani kuɗi ne, yawan shansa kuma shi ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

Daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013, a gidajen likita huɗu na gundumar, aka shigar da yara kimanin 2,400. Ga yadda abin ke kasancewa a irin wannan wuri. Uwa ta taso tun da asuba da goyo, ta yi tafiyar ƙasa, ta zauna a inuwar rumfa cikin layi. An zagaya wa yaron zare a damtse, an rataye shi a ma'auni yana tsala ihu, an miƙe shi a kan allo, an danna masa ƙafa a ga ko ta kumbura, an ba shi ƙulli a ga ko zai ci. Ya ci. Sai a kira ta gefe, ma'aikaciya ta buɗe takarda ta fara bayani: akwai kwalabe iri biyu, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, ɗaya da magani ɗaya babu, ni ban san wadda za a ba ki ba, likita ma bai sani ba, in kin ƙi, ba abin da za a rage wa ɗanki, in kin yarda yau kika fasa gobe, ba laifi. In ba ta yi lakwal ba, sai a samo shaida, ta dangwala yatsa a tawada. Duk abin da aka rasa a Kano ga shi nan an cika. Amma a dubi inda take zaune. Mutanen da ke tambayarta su ne masu riƙe da abincin da ɗanta zai rayu da shi, ita kuma an yi mata tarbiyyar cewa ba a yi wa mai taimakonka musu. "To, Malama, yadda kuka gani" amsa ce da ke iya nufin na yarda, tana kuma iya nufin wace ni. Akwai kuma maigida da ya tafi cirani Najeriya, wanda in wani abu ya faru zai tambaya da izinin wa. A ganina takardar yarda ita ce mafi sauƙin abin da ke wuyan mai bincike. Mai wuyar shi ne ya tsara aikinsa yadda ko matar da ba ta iya cewa a'a ba ba za ta cutu ba.

Wata uku da farawa sai ga labari daga Malawi. A Janairun 2013 Indi Trehan da abokansa suka buga a New England Journal of Medicine irin wannan gwaji da suka yi da yara fiye da 2,700, inda suka samu cewa waɗanda aka ba maganin wofi sun fi mutuwa. Wato ana cikin zuba wa rabin yaran Madarumfa ruwan zaƙi a baki, ga mujallar da ta fi kowace daraja tana cewa maganin na ceton rai. Wanda ya ce a tsaya nan take yana da hujja. Wanda ya ce a ci gaba shi ma yana da tasa: tamowar Malawi galibi mai kumburi ce, ga ƙanjamau da yawa cikin yaran, ta Nijar kuwa ta ƙanjamewa ce, ƙanjamau kuma kaɗan, abin da ya tabbata a can bai zama lalle a nan ba. Irin wannan rana ce ta sa kowane gwaji na kirki ke da kwamitin sa ido mai zaman kansa, wanda shi kaɗai ke da ikon buɗe sirrin kwalabe tun ba a gama ba, ya ƙirga gawa a kowane ɓangare. Gwajin ya ci gaba har ƙarshe. Da aka buga shi a 2016, kashi 65.9 cikin ɗari na masu amoksisilin sun warke, na ɗaya ɓangaren kashi 62.7, tazarar da ba ta kai a ce ba dace ba ne. Mace-mace sun yi ƙaranci ƙwarai a duka biyun. Sai dai masu maganin wofi sun fi yawan kaiwa ga kwanciya asibiti, kashi 30.7 a kan 26.4.

To a daina ba da maganin ke nan? Marubutan sun yi taka-tsantsan, suka ce a inda ake da halin bibiyar yaro da gaggauta kai shi asibiti ne za a iya tunanin haka. Nan gizo ke saƙa. Kulawar da ɗa'a ta wajabta a yi wa yaran gwaji, ta bin su gida da ɗaukar su a mota in sun rikice, ita ce ta kare su, ita ce kuma ta mayar da su daban da yaron da ke wani gidan likita na daji inda ma'aikaci ɗaya ne, shi ma ya tafi karɓar albashi. Gwajin ya amsa tambayar, amma ga wata Nijar da ba ko'ina take ba.

Na rigakafin gudawa ya fi kowane suna a waje. Ƙwayar rotabairus na cikin manyan masu kashe jarirai da zawo da amai. Rigakafinta biyu, Rotarix da RotaTeq, sun fito tun 2006, a 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace ƙasa ta sa su cikin jadawalinta. Matsalarsu tsada da firiji. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa wani na gari, mai arha, mai jure zafi na watanni, abin da duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin ƙanƙara a bayan babur cikin watan Afrilu zai san darajarsa. Daga Agustan 2014 aka fara ɗiga wa jariran Madarumfa shi sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, rabi na gaske rabi na wofi, ana bin su gida kowane mako, duk wanda ya yi gudawa a ɗauki kashinsa a auna tsananin ciwon da ma'aunin Vesikari mai maki 20. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi da su, 31 ne suka yi gudawar rotabairus mai tsanani a ɓangaren rigakafi, 87 a ɗaya ɓangaren. Kariyar ta kama kashi 66.7 cikin ɗari.

Waɗannan 87 ɗin su ne abin tambaya, tun da akwai rigakafi a duniya lokacin da aka ɗiga musu na wofi. Gardamar tsohuwa ce. A 1997 Peter Lurie da Sidney Wolfe da Marcia Angell sun yi kaca-kaca da gwaje-gwajen AZT, maganin ƙanjamau, da aka yi wa mata masu ciki a Afirka da Tailan, suka ce abin da ba za a yarda a yi a Amurka ba bai halatta a Abijan ba. Aka mayar musu da cewa in sai da maganin masu kuɗi za a gwada komai, ba za a taɓa samo na talaka ba. A 2013 ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara sun ce ana iya amfani da na wofi ko da akwai wani rigakafin, in ana neman wanda ƙasar za ta iya saye ko wanda ya dace da yanayinta, muddin an rage haɗari an kuma tanadi jinya. Kwamitin ɗa'a na Nijar da wasu na waje sun amince da gwajin Madarumfa. Ni ma ina ganin hujjar ta tsaya da ƙafarta, amma da sharaɗi: hujja ce da ke cin bashi. Ta ce wa uwa, ɗanki zai ɗauki kasada don ƙannensa su samu. Rigakafin ya samu amincewar Hukumar a 2018 da sunan Rotasiil, ya shiga jadawalin Indiya da na wasu ƙasashen Afirka. Ko an biya bashin, a firijin gidan likitan ƙauye ake dubawa, ba a mujalla ba. Wani bashin kuma na labari ne. Da Ingilishi aka buga sakamakon duka, harshen da ko ma'aikacin da ya cika takardun da Faransanci ba lalle ya karanta ba, sunayen da ke kan gaba a jerin marubuta kuma na baƙi ne, 'yan ƙasa na tsakiya.

Sai sanƙarau ya dawo. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusan share nau'in A, amma wani sabon nau'in C ya ɓullo a yankin Sakkwato a 2013, ya afka wa Yamai a 2015, ya yi ɓarna a Zamfara a 2017. Rigakafinsa ya yi ƙaranci a duniya, in ma an samu, kafin a nema a kawo a tsara, annoba ta ci rabinta. Matthew Coldiron da abokan aikinsa na Epicentre da ma'aikatar lafiya suka yi tunanin ƙwaya ɗaya ta sifurofuloksasin, wadda ke kashe cutar a maƙogwaron masu ɗauke da ita ba su sani ba. Wannan magani dangin Trovan ne na jini, gida ɗaya suka fito, sai dai shi tsoho ne da aka daɗe da sanin halinsa. Ga annoba iri ɗaya, ga yaran Hausawa, ga magani ɗan gida ɗaya, shekara 21 tsakani. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin rubuta takarda: an tsara wannan gwaji an kai shi gaban kwamitoci tun cutar ba ta zo ba, aka ajiye ana jira, don kada a zo ana neman sa hannu mutane na mutuwa.

A Afrilun 2017 cutar ta haura ma'aunin annoba a gundumar. Duk ƙauyen da aka samu mai ciwo na farko sai a nemi izinin maigari a jefa shi ƙuri'a: ko a tsaya ga abin da aka saba, ko a ba mutanen gidan mai ciwo ƙwayar, ko a ba gari duka cikin kwana uku. Wanda ya kamu, ko a wane kaso yake, ana yi masa magani. Cikin wata guda ƙauyuka 49 suka shiga, mutum fiye da 71,000. Izinin maigari na buɗe ƙofar gari ne, bai isa ya haɗiye wa kowa ƙwaya ba, haka ma ƙa'idar Ottawa ta 2012 kan irin wannan gwaji ta ce; a ƙauyukan da aka yi rabon gari duka, kimanin mutum uku cikin huɗu ne suka sha. Inda ba a raba ba, lissafin ya kama mutum 451 cikin kowane 100,000 da suka kamu. Inda aka ba 'yan gida kawai, 386, wanda bai taka kara ya karya ba, dama a ƙauye wa ke kwana a gidansu kaɗai ya wuni a can? Inda aka ba kowa, 190.

Masu binciken sun san tambayar da za a yi musu, ta cewa watsa irin wannan magani ga dubban masu lafiya zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi. Don haka suka nemi wasu mutane, da yardarsu, su ba da bayan-gidansu kafin rabo da bayansa. Kafin a ba kowa ko ƙwaya ɗaya, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka auna suna ɗauke da ƙwayoyin hanji da sifurofuloksasin ba ya kashewa. Bayan kwana 28 aka sake aunawa, ba a ga bambancin kirki tsakanin ƙauyukan ba, don adadin ba shi da sauran wurin hawa. Mutanen ƙauye ne, a gundumar da ake sayar da kafso ja da rawaya a faranti, tsakanin mai goro da mai ƙosai, ɗaya-ɗaya gwargwadon kuɗin hannunka.